Mazaunin Birki a Jikin Keke: Awo Kafin Wuta

  

Yau a wannan fili na sana'a da aikin hannu, a rumfar mai walda za mu zauna. Ba ƙofa za a haɗa ba, ba taga ba. Keke aka kawo. Mai shi yana so a ɗora masa wani birki dabam, ba wanda aka ƙera keken da shi ba. Sabon birkin kuwa ba shi da wurin zama a jikin firam. Sai an liƙa masa. To, a nan wuta ke shigowa.

Masu gyaran keke, ku matso kusa da rediyo. Masu walda, a ɗan kashe injin. Kai ma da kake kai yara makaranta a kan kariya, ko kake ɗauko ruwa a jarkoki, da kai ake. Ɗan ƙarfen da za mu yi magana a kansa bai kai babban yatsa ba. Amma ranar da akuya ta gitta maka a gangare, bayan Allah shi ne madogararka.

Ga abin da nake so ku riƙe tun yanzu. A wannan aiki, kunna wuta shi ne na ƙarshe. Ku sake ji. Kunna wuta shi ne na ƙarshe. Kafin a kai gare shi sai an san ƙarfen, sai an yi awo.

Bari mu fara da dalili. Me ke kai mutum wurin mai walda da zancen birki?

Kekunan da muka tashi muka gani, su Raleigh da Phoenix da Hero, birkin sanda gare su. Raleigh ɗin nan daga Nottingham ta Ingila ya fito, har masana'anta ya taɓa yi a Kano. Birkinsa kowa ya san shi. Ka matsa hannu, sandunan ƙarfe su ja roba, robar ta ɗago ta kama rim. Yana da juriya, kuma ko a ƙauye ba ka rasa mai gyara shi. Amma da damina, in rim ɗin ƙarfe ya jiƙe, sai ka matsa ka ƙara matsawa, keke na ta tafiyarsa. Ka ɗora jarkoki huɗu masu lita 25. Kilo 100 ke nan na ruwa kawai, ban da kai, ban da keken. Dole mutum ya yi sha'awar birki mai kamu.

Sai kuma kekunan gwanjo. Wani ya zo da mazaunin birki a karye. Wani an canja masa wili, robar birki ba ta kai bakin rim. Wani kuwa lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ya ga birkin faifai a keken abokinsa, ransa ya biya.

Birki iri biyu ake yawan nema. Na farko shi ne mai hannuwa biyu a tsaye, wanda ake kira V-birki. Kamfanin Shimano na Japan ne ya fito da shi kasuwa a 1996. Yana zama a kan 'yan turaku biyu, ɗaya dama, ɗaya hagu, ya matse gefen rim. Na biyu shi ne birkin faifai, wanda wasu ke ce wa dis. Faifan ƙarfe ne a tsakiyar wili, da baki mai cizonsa. Wannan bakin yana zama a kan kunne guda, a ɓangaren hagu. Turaku na V-birki, kunne na faifai. Su ne za a liƙa.

Yanzu sai tambaya ta farko. Da wane ƙarfe aka yi keken?

Ga wani saurayi ya turo kekensa rumfar walda. Ya ce, "Oga, kunnen dis nake so ka ɗana mini a nan." Maigidan bai ce masa ƙala ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko mayen ƙarfe, irin na bayan tsohuwar sifika. Ya kanga a jikin firam. Ya saki. Mayen ƙarfe ya faɗi ƙasa. Ya ce, "Samari, ɗauki kekenka. Wannan ba aikina ba ne."

Saurayin ya tafi yana ƙunƙuni. Amma ni na ce wannan maigida ya san sana'arsa.

In mayen ƙarfe ya kama, baƙin ƙarfe ne, ana iya magana. In bai kama ba, yawanci alminiyam ne. Alminiyam kuwa yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya ja kafin ya narke. Babu gargaɗi. Kana kallonsa fari, sai ka ga ya zube. Ko an samu mai waldar argon ya haɗa shi da kyau, saura wani abu. Irin alminiyam ɗin da aka fi yin keke da shi, mai lamba 6061, gasa shi ake yi a masana'anta kafin ya yi ƙarfi. A kai shi wajen digiri 530, a tsoma a ruwa, a sake gasa shi awoyi a ƙaramin zafi. Da zarar ka yi masa walda, kewayen wurin ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Ba ya dawowa sai an mai da firam ɗin gaba ɗaya cikin tanda. Wace rumfar walda ce take da wannan tanda? Akwai kuma kekunan tsere na zaren kabon, marasa nauyi. Waɗannan ba ƙarfe ba ne ma sam. Wuta ta taɓa su, sun tashi aiki.

Saboda haka, mayen ƙarfe tukuna. In bai kama ba, a haƙura.

To, a ce ya kama. Tambaya ta biyu: yaya kaurin fayif ɗin?

A nan masu walda da yawa ke ruɗuwa, domin hannunsu ya saba da ƙarfen ƙofa da na gado. Fayif ɗin keke ba haka yake ba. Ka ciro katin cirar kuɗi daga aljihunka, ka dubi gefensa. Kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, 0.76 ne. To, bangon fayif ɗin keke mai kyau, a wasu wurare bai kai wannan katin ba. Akwai mai milimita 0.9 a baki, 0.6 a tsakiya. Da gangan aka yi shi haka. Kamfanin Reynolds na Birmingham ne ya yi rajistar wannan dabara tun 1897: baki da kauri, tsakiya siriri, keke ya yi sauƙin nauyi. Kekunan ɗaukar kaya sun fi haka kauri, suna haura milimita ɗaya. Duk da haka, ba su kai ƙarfen ƙofa ba.

Yanzu ka ɗauko sandar waldar lantarki, mai kaurin milimita 2.5, ka ɗosana a kan wannan fayif. Me zai faru? Kafin ka ƙifta ido ya huje. Sai a ce bari a cike. A cike nan, can ya ɓule. A ƙarshe a tara tulin ƙarfe, a goge da injin gurza, a fesa fenti. Mai keke ya ga abu sumul, ya biya, ya yi godiya. Amma gefen wannan tulin ya ƙone, ya sirance. Ba yau zai karye ba. Sai an yi watanni ana matsa birki ana saki, ana matsawa ana saki, tsaga ta fara a ɓoye ƙarƙashin fenti.

Shi ya sa maƙeran keke suka fi son hanyoyi biyu. Ɗaya waldar argon, a hannun wanda ya saba da siririn ƙarfe. Ɗayar kuma, wadda ta fi kusa da mu, ita ce liƙin tagulla da wutar gas.

Mene ne bambancinsa da walda? Ku saurara da kyau. A walda, ƙarfen keken kansa ake narkarwa. Baƙin ƙarfe kuwa sai zafi ya kusa digiri 1,500 yake narkewa. A liƙin tagulla, ƙarfen keke ba ya narkewa. Zafi kawai yake ɗauka. Sandar tagulla ce ke narkewa, a wajen digiri 900, ta kwarara tsakanin ƙarfe biyu ta riƙe su. Kun san yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila da kansa, ba mai tura shi? Haka narkakkiyar tagulla ke bin siririyar kafa tsakanin turke da fayif, in wurin na da tsabta, zafi kuma ya yi daidai.

Akwai kuma sanda mai haɗin azurfa. Mai kashi 56 cikin 100 tana narkewa tsakanin digiri 620 da 650. Tsada gare ta, amma ta fi tausaya wa siririn fayif. A tsakiyar shekarun 1970 Reynolds ya fito da wani fayif mai lamba 753. Saboda rashin son zafinsa, a lokacin ba a sayar wa maƙeri sai ya yi gwaji ya nuna ya iya liƙi da azurfa. Kamfanin da ya ƙera ƙarfen ke nan, yana tsoron wuta a kansa. Ina ga mu?

Masu sauraro, mun san ƙarfe, mun san kauri. Yanzu mun zo kan awo. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan aikin yake. Mai biro ya ɗauko.

Mu fara da V-birki. Kafin komai, dubi rim. Rim ɗin tsohon keke mai birkin sanda gefensa a lanƙwashe yake, domin a cikinsa roba ke kamawa, ba a gefe ba. V-birki kuwa gefe mai faɗi, miƙaƙƙe, yake nema. In ka liƙa turaku ka bar tsohon rim, ka yi aikin banza. Robar za ta zame. Sai an canja rim, kuma na alminiyam ya fi kamu a cikin ruwa.

Tsakanin turke da turke, daga tsakiya zuwa tsakiya, wajen milimita 80 ake so. Santimita 8 ke nan. In sun matsu da yawa, hannuwan birki su wage. In sun yi nisa, roba ta kama a karkace.

Sai tsayi. Daga tsakiyar aksul, wato sandar da wili ke juyawa a kanta, zuwa tsakiyar turke. In tayar mai inci 26 ce ta keken hawan dutse, wajen milimita 254. In babbar taya ce mai lamba 700C, wajen milimita 283. Zan maimaita. Inci 26, milimita 254. Lamba 700C, milimita 283.

Amma ga wani tarko. Inci 28 iri biyu ne a kasuwa. Dubi gefen tayarka, za ka ga wata lamba. In ka ga 622, ita ce 700C. In ka ga 635, ta tsohon keke ce mai birkin sanda. Dukansu ana ce musu 28, amma ba girmansu ɗaya ba. Ta inci 26 ɗin da na ambata kuwa, 559 za ka gani. Saboda haka kada ka dogara da lambar da na faɗa kaɗai. Saka wilin da za a yi amfani da shi. Ka tabbatar ya zauna a tsakiya, ba ya rawa. Ka ɗaura birkin a kan turke, ka sa robar a tsakiyar tsagarta, yadda gobe za a iya ɗaga ta ko a sauke. Ka kanga a jikin fayif, roba ta fuskanci gefen rim, ba ta taɓa taya ba. Nan ne wurin. Ka yi alama.

Turakun gaba suna fuskantar gaba. Na baya suna fuskantar baya, a kan siraran fayif ɗin nan biyu da suka sauko daga ƙarƙashin sirdi.

Ta yaya za a riƙe su lokacin wuta? Ba da hannu ba, ba da filaya ba. Samo ɗan falalen ƙarfe. Huda rami biyu, tsakaninsu milimita 80. Ɗaura turakun biyu a jiki da notinsu. Yanzu dole su miƙe tare, su kalli wuri guda. Sai ka ɗaure falalen a jikin firam. Aikin minti kaɗan ne, amma shi ke raba birki mai shiru da birki mai kuka. Turke ya karkace ko kaɗan, roba ta ci gefe guda, kana tafiya unguwa na jin zuwanka.

Kada a manta da hannun birki na kan keke, wanda ake matsawa. V-birki yana son hannu mai jan waya da tsawo. In ka haɗa shi da tsohon hannu na wani irin birki, sai hannun ya taɓo kan keke, roba ba ta gama kamawa ba.

Yanzu birkin faifai. A nan zan rage murya, domin maganar ta fi nauyi.

Awonsa sananne ne. Irin kunnen da aka fi liƙawa ramuka biyu gare shi, tsakaninsu milimita 51. Akwai wani irin mai milimita 74. Faifan da aka fi samu faɗinsa milimita 160. Kuma sai an canja hob, wato cibiyar wili, a sa mai wurin ɗaura faifai, yawanci da noti shida. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa komai tukuna. A saka wili da faifansa. A ɗaura bakin birki a kan kunne. A zura faifai a bakin, a matsa birki ya cije, a ɗaure hannun da roba. Inda kunne ya kwanta a jikin firam, nan ne wurinsa. A yi alama, a gurza kunnen har ya zauna daram. Sannan a cire bakin birki da wili kafin wuta, a riƙe kunnen da ƙarfen da aka ɗaura a aksul.

To, ina nauyin maganar? Ga shi. V-birki yana kama wili a can baki, kusa da taya. Faifai kuwa a kusa da cibiya yake kamawa. Daga aksul zuwa ƙasa, a taya mai inci 26, wajen santimita 33 ne. Daga aksul zuwa inda ake cizon faifai, bai kai santimita 8 ba. Duk wanda ya taɓa kwance noti da gajeren sifana ya san sai ya ƙara ƙarfi. Lissafin ɗaya ne. Ƙarfin da ke sauka a kan kunnen faifai ya ninka wanda taya ke yi da ƙasa sau huɗu, har da ɗoriya. Sau huɗu. Kuma duk a gefe guda, gefen hagu, a kan siririn fayif ɗin da ba a ƙera shi don haka ba.

A ɓangaren tayar baya akwai dabara. Ana liƙa ɗan guntun fayif a gicciye, ya haɗa fayif ɗin da ya sauko daga sirdi da na kwance wanda ya taho daga wajen feda. Wannan tokari ne. Yana raba nauyi biyu. Kunnen faifai ba tokari, a firam ɗin da ba na faifai ba, ni ban yarda da shi ba.

A gaba kuwa, ra'ayina a fili yake. Kada a liƙa kunnen faifai a tsohon fok. Fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, ƙasansu ya fi ko'ina siranta, musamman masu lanƙwasa. Daidai nan kuma kunnen ke zama. Ƙafar hagu tana iya lanƙwashewa, tana iya karyewa. Ƙari a kan haka, cizon faifai yana tura aksul ƙasa, ta inda bakin fok yake a buɗe. In ɗaurin bai yi ƙarfi ba, wili na iya subucewa. Firam ya tsage a baya, sau da yawa ka ji alama, ka sauka ka tura. Fok ya karye a gaba, fuska ce ke fara isa ƙasa. In faifai kake so a gaba, sayi fok ɗin da aka ƙera da kunnensa. Da kuɗin asibiti gara kuɗin fok.

Wani zai ce, to a bar na gaba mana, a gyara na baya kawai. A'a. In ka matsa birki, nauyi gaba yake komawa. Tayar baya ta yi sakayau, ta fara jan ƙasa. A busasshiyar hanya, birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Kekuna nawa ke yawo a garuruwanmu birkin gaba a cire, wai kada ya kifar da mutum? Wannan ganganci ne.

Kafin mu kunna wuta, ga hanyar da ba ta bukatar wuta sam. Akwai hob mai birki a cikinsa. Wani da feda ake taka shi baya, wani da waya ake ja. Hannunsa kawai ake ɗaurewa a jikin firam da maɗauri da noti. Ruwa bai cika damunsa ba, ƙurar hunturu ma haka. Ga keken ɗaukar kaya a gari mai shimfiɗe, sau da yawa wannan ya wadatar a baya. A tambayi mai gyara kafin a nufi rumfar walda.

To, jama'a, an san ƙarfe, an yi awo. Yanzu sai wuta.

A cire wili, a cire waya, a cire duk wata roba da ke kusa. A kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi fari tas, a zarce wurin da 'yan yatsu. In fok ɗin mai ƙyalli ne, a gurje ƙyallin nan gaba ɗaya, tagulla ba ta kama shi da kyau. In akwai tsatsa mai zurfi, ta ci ƙarfe ta yi ramuka, a tsaya nan. Ba a gini a kan ruɓaɓɓen fayif. A gurza gindin turke da zarto har ya rungumi fayif, ba kafar da haske ke wucewa. Bayan nan kada a taɓa wurin da hannu mai maiƙo.

Sai hodar liƙi. Ta tagulla yawanci borakis ce. A dama ta da ruwa, a shafa a wurin da kewayensa. Aikinta ta hana iska ɓata ƙarfe in ya yi zafi. Ta azurfa dabam take, kada a musanya.

Harshen wutar gas da kabayid yana haura digiri 3,000. Tagulla 900 kawai take nema. Kun ga ke nan wutar ta fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba. Saboda haka ƙaramin baki, ƙaramar wuta, hannu kuma kada ya tsaya wuri guda. A fi ba turke zafi, domin ya fi fayif kauri. In ka raba musu wuta daidai, fayif zai ƙone, turke bai ko yi ja ba.

Yanzu ka zuba ido. Hodar za ta fara kumfa. Ta bushe, ta yi fari. Can sai ta narke, ta kwanta, ta yi garau. Ƙarfe ya fara ja. In azurfa ce, ja mai duhu ya isa, wanda sai a inuwa kake ganinsa sosai. Shi ya sa ba a yin wannan aiki a cikin rana tsaka, ido ba ya ganin launin. In tagulla ce, sai jan ya yi haske. A nan za ka taɓa sanda a gindin turke. Zafin ƙarfen ne zai narkar da ita, ba harshen wuta ba. In ta dunƙule ta tsaya, zafi bai kai ba, ko wurin ba tsabta. In ta malale ta shige ƙarƙashi, sai ka ja ta da wuta zuwa ɗaya gefen, domin zafi take bi. Ka ga zare mai ruwan zinariya ya kewaye gindin turke, ba yankewa. Shi ke nan. Ɗauke wuta.

In kuwa ka ga tagulla na tafasa, farin hayaƙi na tashi, ka wuce gona da iri. Tutiyar da ke cikinta ce ke ƙonewa. Ja da baya.

Ga wani wurin lura. Tsofaffin kekuna da yawa, su kansu da tagulla aka haɗa gaɓoɓinsu. In kana aiki kusa da inda aksul ke zama, zafinka na iya sassauta tsohon liƙi. A naɗa jiƙaƙƙen tsumma a wurin, ko a yi aiki da azurfa.

An gama? To, kada a watsa ruwa. Na san al'ada ce. Mai keke na tsaye yana sauri, yaron shago ya ɗebo ruwa a gwangwani, ka ji cuuu. Kada a yi. Ƙarfen keke mai kyau, in ya yi ja aka sanyaya shi farat ɗaya, taurin gilashi yake yi, ya riƙa tsagewa. A bar shi ya huce da kansa, a inda ba iska mai kaɗawa. In ya huce, a wanke ragowar hoda da ruwan zafi, domin tana ɓoye aibi, tana kuma tayar da fenti. In za a gyara da zarto, tagulla za a taɓa, ba fayif ba.

Kalma biyu a kan lafiyarka, kai mai walda. Farin hayaƙin nan yana sa zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare. Madarar gwangwani da ake sha bayan aiki ba ta wanke huhu. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa ƙirji ya shiga. Maganin shi ne aiki a fili, fuska ba a kan hayaƙi ba. Wasu sandunan azurfa suna da wani sinadari mai suna kadmiyam, hayaƙinsa na iya kisa. Tarayyar Turai ta hana sa shi a sandunan liƙi tun 2011. Sandar da ba ka san asalinta ba, ka yi hattara da ita. Tabarau mai duhu a ido. Kada mai ko giris ya taɓa kan tukunyar oksijin. In kana zargin tiyo na yoyo, ruwan sabulu ake shafawa, ba ashana ake ƙyastawa ba.

Sashe na ƙarshe, gwaji. Kafin fenti ake dubawa, ba bayan fenti ba. Kai mai keke, wannan haƙƙinka ne. Ka ce, "Maigida, bari in gani kafin a shafa." Dubi gindin turke ta kowane gefe. Tagulla ta zagaye? Akwai rami? Fayif ya lotsa?

In ya yi, a shafa fenti a rufe ƙarfe saboda tsatsa. Amma sandar turken, inda hannun birki ke juyawa, ba a yi mata fenti. Giris ake shafa mata kaɗan. Notin kuma a ɗaure shi daidai. In aka murɗa da ƙarfin tsiya, bakin turke ya buɗe, birki ya ƙi komawa.

A haɗa komai. Kana tsaye a ƙasa, matsa birki iya ƙarfinka, ka tura keke gaba, ka ja baya. Sa wani ya zuba ido a kan liƙin. In fayif ɗin baya suna buɗewa sosai in an matsa V-birki, akwai ƙarfe mai lanƙwasa da ake ɗaurawa a kan turakun biyu ya riƙe su. Sannan ka hau, a fili, a hankali, ba kaya, ba yaro. Ka tsaya sau da yawa. Ka ƙara gudu kaɗan. Sai ka gamsu, sannan jarkoki.

Bayan mako guda ka sake dubawa, bayan wata ka ƙara. Abin da kake nema siririn layi ne a jikin fenti, ko zaren tsatsa a gindin turke. In ka gan shi, tsaga ce. Ka sauka, ka tura keken zuwa wurin gyara.